Jif Ɗin da Ta Gudu Ba Wayoyi

Sufeto bai gama cin abincin rana ba Kofur ya leƙo ofis ya ce an yi fashin mota a layin bayan asibiti, har da harbe-harbe. Wai 'yan sintiri sun riga sun kawo maigadin gidan, yana bayan kanta, ana zargin shi ya buɗe wa ɓarayin ƙofa.

Sufeto ya leƙa shi kafin ya fita. Tsoho ne, yana zaune a ƙasa da carbinsa, ko kallonsu bai yi ba.

A gidan, Hedimasta, mai motar, yana tsaye a gareji rungume da kwalin sababbin wayoyin fulogi, idonsa jawur. Jif ɗin ta mahaifinsu ce, kuma tun rasuwarsa ba makaniken da ya taɓa ta. Hedimasta ke canja mata komai da hannunsa. Da safen nan ya ɗaura sababbin fulogogi shida, ya zo sa wayoyinsu sai ya ga an ba shi gajeru, ya koma shago canji. Kafin ya dawo mota ta yi layar zana.

"Tsaya, Malam," in ji Sufeto. "Da ka fita, akwai waya a jikin fulogogin?"

"Ko ɗaya babu, Yallaɓai."

"Mota na tashi a haka?"

"Ko tari ba za ta yi ba."

Nan fa Sufeto ya manta da yunwarsa. Shi dai mutum ne da in abu ya ɗaure masa kai ba ya iya zama, matarsa ma ta gaji da tsokanarsa a kan haka. Ya tambayi inda tsofaffin wayoyin suke. Hedimasta ya nuna wani tsumma a bayan tarin tayoyi. A nan ya jera su daki-daki yadda ya ciro su, domin kowace waya da fuloginta, in aka cakuɗa su wuta za ta riƙa zuwa ba a kan lokaci ba. Ɗaya ma hular robarta ta yage wajen cirewa, ga yagaggiyar can a kwandon shara. Tsumman na nan, wayoyin babu.

Ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta, shi kaɗai ya ce ya ga ɓarayin. Ya kwashe labari tas, kamar ya hardace: mutum uku, fuska a rufe, da bindigogi. Ƙofa a buɗe suka same ta, maigadi ba ya nan. Sun yi harbi, suka ja mota, shi kuwa ya bi su da gudu har ya gaji.

"Da ƙafa?" Sufeto ya dubi wani jan babur da ke jingine a jikin katanga. "Wannan na waye?"

"Nawa ne, Yallaɓai. Ba mai a ciki."

Kofur ya bi tsakar gida da bakin titi taku-taku. Ba kwanson harsashi ko guda, ba rami a bango, ba rami a ƙofa.

Tela mai shago a tsallaken titi ta ce ita ta ji harbin da kunnenta, har ta shige ƙarƙashin teburin yanka. Sufeto ya tambaye ta daga ina ƙarar ta fito. Ta nuna titi da hannu.

"Da motar take tafiya, ranka ya daɗe. In ta yi fizga sai ka ji tau! Ta sake fizga, tau! Ga baƙin hayaƙi, ga warin fetur har cikin shagona."

Ta ƙara da cewa ba ta ga ko mutum nawa ne a ciki ba, gilashin mai duhu ne. Amma kafin nan ta ga maigadi ya fita da tulun gas a kafaɗa.

Sufeto ya koma gareji ya tambayi Hedimasta abin da zai faru in an cakuɗa wayoyin nan. Malami dai malami ne ko a cikin baƙin ciki, ya gyara tsayuwa ya yi bayani: fetur ba zai ƙone a inda ya kamata ba, sai ya taru a salansa ya fashe. Motar za ta yi ta fizga, kuma ba za ta yi nisa ba.

Ba ta yi nisan ba kuwa. Da suka bi hanyar, sun same ta a bayan wani tsohon gidan mai, an lulluɓa mata tamfol. Hedimasta ya ɗaga bonet ya kama kai, domin an soka wayoyin ne yadda aka ga dama. Sufeto ya sunkuya ya ƙirga: biyar da baƙaƙen huluna masu tsawo, ta shida da wata 'yar guntuwa ja, an naɗe ta da salatif. Ya zare ta ya jefa a aljihu, yana murmushi shi kaɗai.

Da suka dawo gida Auta na zaune a baranda yana shan ruwa. Sufeto ya wuce shi, ya je ya jijjiga jan babur. Mai ya yi motsi a tanki, kusan cike. Ya tsuguna. Fulogin babur tsirara yake, wayarsa na lilo. Ya ciro jar hular ya murɗa mata, ta zauna daram.

"Auta, zo ka tayar mana."

Auta ya ƙi tashi. Ya ajiye kofin hannunsa a ƙasa.

"Ɓarayin naka masu kirki ne," in ji Sufeto. "Sun san inda yayanka ya ɓoye tsofaffin wayoyi, sun ari hular babur ɗinka, ga shi ko harsashi ɗaya ba su bar mana ba. Wa ya aiki maigadi sayo gas?"

Sai Auta ya fashe da kuka. Ya ce shi ya aiki maigadi. Ya daɗe da yanka wani makullin motar, ya kuma yi alkawari da mai saye yau da rana, bai san Yaya zai kwance motar ba. Da ta mace masa a hanya ya dawo da ƙafa, ya tarar unguwa ta ɗauka harbi aka yi, sai kawai ya hau kan maganar.

"Yaya, motar Baba ce, ni ma ubana ne," ya ce cikin shessheƙa. "Ko wanke ta ba ka bari in yi."

Kofur ya sa wa Auta ankwa ya tasa shi gaba zuwa motar 'yan sanda.

A caji ofis Sufeto da kansa ya buɗe wa tsohon, ya ba shi haƙuri. Tausayinsa ya kama shi ƙwarai, ganin yadda yake miƙewa da ƙyar. Hedimasta ya matso, kansa a ƙasa.

"Baba, ka yafe mini. Mu tafi gida."

Tsohon ya laluba aljihunsa ya ciro makullin ƙofar gidan, ya sa masa a tafin hannu.

"Tun kana rarrafe nake ƙofar nan," ya ce a hankali. "Motar ka san kowace waya da inda take zuwa. Ni da aka ja ni a gabanka, ko tambaya ɗaya ba ka yi mini ba."

Ya sa takalmansa ya fita. Sufeto ya koma ofis ya tarar abincinsa ya huce, ya ture shi gefe.