Ranar Da Besfar Malam Isyaku Ba Ta Yi Hayaƙi Ba

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Mu'azu waya cewa tifa ta taka wani dattijo, Malam Isyaku, a titin Gidan Zoo. Ya tarar an lulluɓe gawar da tabarma, tsohuwar Besfa tana yashe a gefe. Tayar baya ce ta cije ana cikin gudu, ta watsar da Malam Isyaku a gaban motar.

Kafin azahar ɗan marigayin, Rabi'u, ya iso caji ofis na Tarauni cikin shadda mai maiƙo, ya sa aka jefa Lawan bakanike a bayan kanta.

"Shi ya taɓa ta jiya, yallaɓai. Ni ko yatsa ban taɓa ɗora wa gwangwanin nan ba."

Lawan yana ta rantsuwa wayar birki kawai ya canza. Mu'azu ya san yadda irin wannan take ƙarewa: mai daƙiƙar riga ya tafi gidan yari, mai shadda ya koma karɓar gaisuwa. Abin ya daɗe yana ci masa rai.

Ya duba birkin Besfar, lafiya ƙalau. Ya buɗe tanki, ya tsoma yatsa ya murza. Nan take ya bushe, babu ko alamar santsi.

Shi ma ya hau irinta yana kurtu. Injinta ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya shi. Shi ke shafe fistin yana hawa yana sauka, sannan ya ƙone ya fita hayaƙi. In aka hana shi, ƙarfe ya yi ta gugar ƙarfe har ya ɗau zafi ya kame.

A Gyaɗi-Gyaɗi ya tsaya wajen mai ƙosan bakin layin marigayin.

"Kullum sai na rufe ƙosaina in zai wuce, saboda hayaƙi," in ji ta. "Yau kuwa fes ta wuce. Har na tsokane shi na ce amarya ta yi wanka."

A cikin gida ya tambayi matar marigayin, Hajara, ko Malam ya manta da zuba baƙin mai. Ta share ido da gefen mayafi.

"Malam ya manta da mai? Gara a ce ya manta da hularsa."

"Wa ya zuba fetur na ƙarshe, Inna?"

"Rabi'u ne, Allah ya yi masa albarka. Jiya da la'asar ya zo da jarka, ya juye tsohon, wai ya yi datti."

"Ya iya haɗin?"

"Haba! Tun yana firamare shi ke auna wa babansa da murfin kwalba."

Ba ta san abin da ta faɗa ba.

Mu'azu ya sa aka taso Rabi'u daga tabarmar makoki zuwa soro.

"Ka ce ba ka taɓa ta ba. Ina jarkar?"

Rabi'u ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Mota na saya masa, ya ƙi. Kullum sai ya zo ofishina a kanta, yana tada hayaƙi, ma'aikatana suna ƙunshe dariya. Injin kawai nake so ya mutu, wallahi. Na ɗauka a layi za ta tsaya."

"Lawan fa?"



Hajara tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wajenka ya nufa, Rabi'u. Ya ce tun da ka zama babban mutum ba ka ko kalli Besfarsa ba sai jiya. Godiya ya tafi yi maka."

Aka sa wa Rabi'u ankwa, aka ratsa da shi ta tsakiyar masu gaisuwa. A caji ofis Lawan ya fito yana neman silifas ɗinsa, babu wanda ya ce masa yi haƙuri. A kan tabarmar da Lawan ya tashi a bayan kanta Rabi'u ya zauna, da shaddarsa.