Dutsen da Ta Lasa

Gab da magariba direban masu haƙa ya dire mata, a ɗakin bincikenta, wani baƙin dutse da aka ciro daga can ƙasan ramin da suke haƙawa.

"Malama, wai a gaya musu shekarunsa kafin safe," ya ce, ya yi gaba ko waiwaye babu.

Sana'arta ke nan. Ta narkar da dutse da asid, ta tace ƙwayoyin irin tsirran da suka maƙale a ciki tun kafin a halicci ɗan Adam, siffarsu ta nuna mata zamanin da shimfiɗar dutsen ta kwanta. Yau kam sauri take yi. Autanta na gida da yunwa, shi kuwa ja'irin ba ya karɓar loma sai ita ta hura masa.

Garin saurin nan ta yi abin da 'yan sana'ar suka saba in suna son ganin zanen dutse: ta lashi gefensa. Kai! Ba ɗanɗanon ƙasa ta ji ba, na ɗanyen ganye ne, har da ɗumi.

Ta tofar, ta ci gaba da aiki. Ta leƙa madubin bincike mai ƙara girman abu. Ƙwayoyin da ta sani matattu ne, a shanye. Waɗannan kumbura suke yi, suna komawa kore.

Fanka ta tsaya. Warin fadama ya cika ɗakin. A bayanta wani abu yana jan jiki, kamar ana jan jiƙaƙƙen reshe a siminti.

"Yarinya," aka raɗa mata a kunne, "wa ya koya miki tambayar babba shekarunsa?"

Ta nemi addu'a, harshe ya yi nauyi.

"Tunda kin ɗanɗana, ki fitar da mu. Mun gaji da kwanciya."

Ta banke ƙofa. Saiwa ta kama mata takalmi, ta bar mata shi.

A gida ta tarar da autan yana tsala ihu. Kakarsa ta miƙo kwano: "Ungo, hura wa maigidan naki, ya ishe ni."

Ta ɗebo, ta hura. Nan take koren tsiro ya fito a kan cokalin, daidai inda numfashinta ya taɓa, yaron kuma ya riga ya buɗe baki. Ta yi wurgi da cokalin.

Tun ranar takunkumi bai bar fuskarta ba. Har yau in an zuba abinci autan kan miƙo mata cokali yana jira, ita kuwa sai ta kau da kai tana hawaye.