Iskar da Mani Ya Nema

Damina ta faɗi, garemanin manoma na jibge a shagon Mani mai walda, ga iskar gas ta ƙare. Ya je har Funtuwa, ya dawo da tukunyar gas ɗin wayam. Bayan isha'i, gab da Daudawa, babur ya mace masa.

Yana ta tsaki, sai ga wani tsoho tsugune a bakin hanya.

"Mi ya yi zafi, Mani?"

"Iska nika nema, Baba, ko wace iri ce."

Tsohon ya kafa baki a tukunyar ya hura. Ƙarfen ya ɗauki sanyi, allurar agogon awon iskarta ta haura har ƙarshe. Kwaɗi suka yi tsit.

"Iska ka kira," in ji tsohon, leɓensa ko motsi bai yi ba. "To, ga mu."