Tsohuwar Wayar Bakin Barira

A asibitin haƙori na Dakta Christina da ke Gwarinpa Abdulbaƙi ya fara ganin Barira, kuma ba a yanayin da budurwa ke so a gan ta ba. Bakinta a hangame yake, likita na zaro tsohuwar waya daga ƙarfen gyaran haƙoranta. Shi ɗalibin injiniya ne mai neman digiri na biyu, yana tsaye a gefe da 'yar ambulan kamar mai jiran sadaka.

Ya yi mata bayani cewa wayar da ta yi wata biyu a baki ba ɗaya take da sabuwa ba. Miyau da datti suna kama jikinta ta yi kaushi, sai ta riƙa cijewa a cikin ƙananan maɓallan da aka manna wa haƙora, haƙori kuma ya yi nawar matsawa inda ake so. Wannan cijewar yake aunawa, in za ta yarda ta ba shi tata.

"Tunda nake, ba a taɓa roƙona tsohuwar waya ba," in ji Barira. Ta sa hannu a takardar amincewa, ta rubuta lambar salularta da manyan baƙi duk da ba a tambaye ta ba.

Kafin wata uku, saƙonsa ne ke tashin ta da safe.

"Sanyin idona, kin karya, ko sabuwar wayar ta hana ki tauna?"

"Kunu na sha, Injiniyana. Ita ciwonta kwana uku ne. Naka ne na rasa ranar warkewarsa."

Sai Manniru, tsohon manemi mai shagon tayil a Dei-Dei wanda Barira ta sallama bara, ya kai wa mahaifiyarta labari da yaji. Hajiya Luba ta ji cewa abin da ya kwana sittin a bakin 'yarta, da miyaunta a jiki, yana hannun wani namiji a cikin ambulan. Ba ta nemi ƙarin bayani ba. A wurinta an gama da yarinya da asiri.

"Umma, mutum arba'in ya karɓi wayarsu, har da wani magidanci Alexander," in ji Barira. "Shi ma kin ji yana bin sa?"

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce muddin wayar na hannunsa, magabatansa ba za su taka mata ƙofar gida ba.

Barira ba ta yi kuka ba, don ba halinta ba ne. Asibitin ta koma. Shi Abdulbaƙi bai ma san wacce ce tata ba, domin lamba ce kawai a jikin kowace ambulan, sunayen suna wurin likita. Bai kai ga auna ta ba tukuna, kuma ya ji zafin rasa ta, amma ya ce a miƙa mata.

Ta ajiye ambulan a gaban mahaifiyarta.

"Ga ta, Umma, ki yi yadda kika ga dama da ita. Kwana arba'in ba zan gan shi ba, ba zan amsa saƙonsa ba. In na manta shi, ke ce da gaskiya. In ban manta ba, ki bar su su zo."

Ta cika alkawari, kuma ta sha wuya. Manniru ya dawo da ƙunshin tsire, bai ma san mai ƙarfe a baki ba ta iya yagar nama ba. Hajiya kuwa kullum tana duba fuskar 'yarta tana neman alamar sauƙi, sai ta ga rama da taurin kai.

Ranar arba'in da ɗaya, a gaban Hajiya, Barira ta rubuta saƙo ta karanta a bayyane kafin ta tura.

"Kwanakin sun cika, Injiniyana. Ciwon ƙaruwa ya yi. Turo magabatanka."

Hajiya ta tashi ta je ta sami maigida.

An ɗaura aure bayan sallah, amarya na murmushi da ƙarfenta a baki, ta ƙi a cire don hoto. Da suka je gaisuwa, Hajiya ta miƙo wa surukinta ambulan ɗin nan. Ashe ba ta yar ba.

"Na zalunce ka, ɗana. Ga kayanka, ka ƙarasa karatunka. Na ga ta yi datti, sai na dirje maka ita da soso da toka."

Wayar na ta ƙyalli. Duk abin da zai auna ya bi ruwa. Barira ta sunkuyar da kai, tana danne dariya.

Abdulbaƙi ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

"Umma, a cikin wayoyi arba'in ɗin, wannan ce kaɗai zan ajiye har abada."

"Allah ya yi muku albarka," in ji Hajiya, idonta ya cika da hawaye. "Ya ba ka haƙurin zama da wannan mai taurin kan."