Saniya Ɗaya, Masu Ita Biyu

Minti biyu wayar ta yi a hannunta, aplikasiyon ya mutu.

Khalid ya tsaya yana kallon allon da ya yi fari fat. Wata takwas ya yi yana gina abin nan domin koperatif ɗin makiyayan Gure: a rubuta kowace dabba da shaidarta da sunan mai ita, ranar kasuwa a fitar da takarda, ɓarawo ya rasa inda zai kai ta sata. Yau ya zo nuna shi gaban komiti. Wata budurwa da ke ƙarshen benci ce ta miƙo hannu, ta ce a ba ta ta gani.

"Me kika taɓa?" ya tambaye ta.

"Na sa saniya marar lamba a kunne, na kashe rezon waya, na danna sau biyu." Ta miƙo masa wayar. "Rabin shanun Alakoss ba su da lamba. Rezo kuwa sai an hau tudu."

Shugaban koperatif, Alhaji Ilyasu, ya gyara rawaninsa.

"Ɗiyata ce, Bara'atu. Abin da ta karanto ke nan a Dakar, ɓata abin da wani ya gyara. Ba ma sa hannu sai ta ce ya yi."

Khalid ya dube ta da niyyar jin haushi. Haushin bai zo ba.

Tebur ɗaya aka ba su a biron koperatif, wato ofishinsu. Shi yana gyara, ita tana ɓatawa, tana rubuta kowane kuskure da jan biro. Cikin mako uku ya daina kiran sunanta, sai Mai Jan Biro. Ita kuma Ɗan Tawa take ce masa, don mahaifinsa malamin makarantar lekol ne da aka turo daga Tawa, ya yi ritaya a Gure.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, saƙonsa ya shigo wayarta.

"Mai Jan Biro, na gano kuskure ɗaya da kika tsallake. Ranar da ba aiki, ba na iya cin abinci. Ki rubuta shi a takardarki."

Ta mayar masa da amsa.

"Ɗan Tawa, ba na rubuta kuskuren da ban gwada da kaina ba. Amma ni ma yau fura kawai na sha."

Kawun Khalid ya je gaisuwar neman aure gidan Alhaji Ilyasu, ya dawo fuska ba walwala. Alhaji bai ce a'a ba. Cewa ya yi bai san yadda zai ba da ɗiyarsa ga wanda bai taɓa riƙe igiyar maraƙi ba. Kuma ga Sufiyanu, ɗan ƙanensa, mai garke a Gidigir, mamba a komiti, shekara biyu yana jira. A bari sai an yi babban taron koperatif, a ga ko wayar yaron tana faɗin gaskiya a kan shanu.

Wata ɗaya ya rage.

A cikin watan ne maganar lojisiyel ta taso. Projen da ke tallafa wa koperatif ya yarda ya ɗauki nauyin lojisiyel na gwaji, wato manhajar da za a riƙa gwada aplikasiyon da ita, amma guda ɗaya tak. Biyu ne a gabansu, kowanne ya ba su wata guda su gwada shi kyauta. Na farko Khalid ya sa masa suna robo: shi yake danna maɓallan da kansa, ya yi gwaji ɗari huɗu kafin shayi ya tafasa, ya fito da kore in lafiya, ja in da kuskure. Na biyu kundi ne. Ba ya gwada komai. Mutum ne zai rubuta abin da za a gwada, da wanda ya gwada, da abin da ya fito, kuma duk ƴan komiti suna gani a wayoyinsu.

"Robo," in ji Khalid. "Ni kaɗai nake, Bara'atu. Ba ni da hannu goma."

"Wa ke rubuta wa robo tambayoyin da yake yi?"

"Ni."

"To kai ka yi tambaya, kai ka ba da amsa, kai ka ba kanka maki."

"Kundinki kuma fa? Littafin lekol ne da aka sa wa wutar kuran. Kowane ƙaramin abu sai Sufiyanu ya gani."

"Shanunsu ne. Su gani."

Suka rabu a kan kowa ya gwada nasa. Robo ya ba Khalid kore ɗari huɗu da goma sha biyu, ba ja ko ɗaya. Bara'atu ta hau motar kat-kat ta koperatif ta tafi Alakoss, tana bin rijiyoyi, tana sa makiyaya su kawo mata labarin dabbobinsu ɗaya bayan ɗaya. Arba'in na farko suka fito kore.

Na arba'in da ɗaya Fannami ne, tsohon Babarbare, abokin wasan mahaifinta. Fari ya cinye masa garke shekarun baya, Alhaji Ilyasu ya ba shi jar saniya habbanaye. Kowa ya san ƙa'idar: saniya ta mai ita ce, amma maruƙa uku na farko na wanda aka ba ne, halak malak. In ta haifi na uku sai a mayar da uwar.

"Sa mini ɗan bijimin nan, ɗiyata," in ji Fannami. "Kasuwa zan kai shi. Ki sa shi da kyau, kada Bafillacen ubanki ya ce nasa ne."

Ta sa. Aplikasiyon ya nemi lambar uwa, ta ba shi. Takardar ta fito: mai dabba, Alhaji Ilyasu.

Ta sake. Haka. Khalid ya gina shi ne a kan duk abin da saniya ta haifa na mai saniya ne. Da Fannami ya shiga kasuwa da wannan takarda, kama shi za a yi da bijiminsa na kansa. Mahaifinta kuma za a ce ya ba da kyauta da hannu ya janye ta da waya.

Kwana uku ya rage taro. Ta zauna a inuwar mota, wayar a cinyarta. Ta san abin da jan layi zai yi, ta san wayar wa zai fara shiga. Direba ya tambaye ta ko lafiya, ta ce ya hau da su tudu. Can rezo ya kama. Ta danna ja.

Ba su sauka daga tudun ba saƙon Khalid ya iso.

"Ki goge shi. Don Allah, Bara'atu. Bayan taro zan gyara, na rantse. Kwana uku kawai nake roƙo."

"Ba zan goge ba. In an sa hannu, ranar kasuwa mai zuwa za a fara ba da takardu."

"Sufiyanu ya riga ya kira mutum huɗu. Da kin kira ni tukuna."

Wannan ta san gaskiya ne. Ta fara rubuta haƙuri, sai wani saƙon ya shigo a kai.

"Ko dai abin da kike so ke nan tun farko? Ɗan'uwanki ne, garke gare shi. Da kin faɗa mini kawai."

Ta goge haƙurin. Ta kashe wayar.

Kwana biyu ba wanda ya nemi wani. A gida Sufiyanu ya zo da tsarabar cuku, ya zauna zaure da Alhaji, muryarsa har tsakar gida. Da za shi tafi ya tsaya bakin ƙofa.

"Ƙanwata, kin yi aiki. Jini ba ya ƙarya."

"Ba don kai na yi ba, Yaya."

"Ko don wa kika yi, ya yi."

Ranar taro rumfar koperatif ta cika tun hantsi, har da waɗanda suka zo a kan raƙuma. Bara'atu na gefen mata. Khalid ya shigo idanunsa jawur, bai dubi inda take ba. Ya haɗa odinatar, wato kwamfuta, da majigi, hasken ya faɗa jikin farin zanen da aka rataya. Sufiyanu ya riga ya ɗaga hannu, wayarsa a ɗaya hannun.

Abin da ya fito a zanen ba koren robo ba ne. Kundi ne, layi na arba'in da ɗaya, ja, an ƙara masa girma har na baya suna gani.

"Iyayena," in ji Khalid, "abin da na gina ya ƙwace wa Baba Fannami bijiminsa ya ba Alhaji."

Rumfa ta ɗauki hayaniya. Fannami ya miƙe da sandarsa.

"Na faɗa! Bafillace ko a cikin waya sai ya bi saniya!"

Wasu suka yi dariya. Alhaji Ilyasu bai yi ba.

"Ka gyara?" in ji Sufiyanu. Hannunsa ya sauka, amma muryarsa ba ta sauka ba.

"Ban gyara ba."

"Kwana uku kana me?"

"Na fara. Sai na ga ban san abin da zan gyara ba. In saniyar ta mutu a hannun wanda aka ba, wa ya yi asara? In ta yi ɓari, ana lissafa shi cikin ukun? In mai ita ya rasu kafin ta haihu, magada na iya karɓe ta? Ban sani ba. Robon da na so mu ɗauka ya gwada sau ɗari huɗu ya ce komai lafiya, don abin da na sani kaɗai yake tambaya." Ya juyo ga ƴan komiti. "Kada ku sa hannu yau. Ku ɗauki kundin nan, ku gaya mini ƙa'idojin, a rubuta. Duk ranar da suka koma kore a idonku, sai ku sa."

"Wato mun tara mutane a banza," in ji Sufiyanu. "Akwai masu irin wannan aiki a Yamai."

Kafin ya rufe baki wani tsoho daga Gidigir ya ce ɓari ba a lissafa shi, wani daga Alakoss ya ce a wajensu ana yi. Gardama ta kaure. Fannami ya juyo wajen mata.

"Ina mai jan biron? Zo ki rubuta, kafin Fulani su canja magana."

Ta taso ta zauna gaban odinatar, kusa da Khalid. Har azahar tana rubutu. Layi goma sha tara suka ƙaru, duka ja. Komiti ya zaɓi kundi, ya ɗage sa hannu sai bayan damina, da sharaɗin in bai yi ba a nemi na Yamai. Alhaji Ilyasu ya rufe taro da addu'a, ya fita bai ce wa Khalid ko sannu ba.

Suna naɗe wayoyin kuran Khalid ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Abin da na rubuto miki a kan Sufiyanu..."

"Na karanta."

"Ki yafe mini."

"Da na kira ka tukuna. Wannan kuskuren nawa ne." Ta miƙa masa majigin. "Amma ko na kira ka, ba zan goge ba."

"Na sani. Shi ya sa ban iya barci ba, kuma shi ya sa ban iya fasa nemanki ba."

Kwana tara shiru. Ran na goma Alhaji ya aiko a ce wa Khalid ya same shi a garke bayan gari, ya zo da igiya. Khalid ya tsaya kasuwa ya sayi sabuwa. Ya tarar da Alhaji tsaye kusa da wata baƙar karsana.

"Ɗaura mata."

Sau uku ƙullin yana kwancewa. Alhaji na kallo, bai taimaka ba. A na huɗu ya kama.

"Habbanaye ce. Uku na farko naka. In ta cika, ka dawo mini da ita da ƙafarka."

"Baba, ba ni da inda zan ajiye saniya."

"Ka nemo." Alhaji ya juya ya bi garkensa.

Khalid ya jawo karsana har gida, tana tirjewa, mutanen unguwa na yi masa sannu da kiwo. Ya ɗaure ta a jikin bishiyar tsakar gidansu, ya zaro waya da hannun da igiya ta goge.

"Mai Jan Biro, babanki ya ba ni saniya. Hukunci ne ko me? Ta ci littafin Baba guda."

Amsar ba ta jima ba.

"Ɗan Tawa, karsana ba ta haihuwa uku ƙasa da shekara biyar. Babana ba ya ɗaura igiyar shekara biyar da mutumin da yake so ya bar gari. Ka turo kawunka. Kuma ka ba ta dusa, ba littafi ba."

Bayan damina layukan ashirin suka koma kore, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan tsohon da ya gwada shi. Aka sa hannu ranar Laraba, aka ɗaura aure ranar Asabar. Sufiyanu ya zo, ya tsaya daga baya, ya shafa fatiha ya tafi. Fannami ne ya karɓi addu'a bayan liman.

"Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya sa karsana ta haifi mata uku. Allah ya ba yaron nan haƙurin zama da Fulani, don ni shekara sittin ina nema ban samu ba."

Aka ce amin cikin dariya, har da Alhaji.

Washegari da safe Bara'atu ta fito tsakar gida da wayar mijinta. Ta tsaya gaban baƙar karsana, ta sa lambar kunnenta. Takarda ta fito: mai ita, Alhaji Ilyasu, tana hannun Khalid, maruƙa uku na farko nasa.

Khalid na tsaye bayanta da kwanon dusa.

"Ya yi?"

Ta kashe rezo, ta danna sau biyu, ta jira.

"Ya yi," ta ce.