Bahagon da Ke Jira a Fage

Wuƙa biyu, tocila, ragowar tsire a takarda, da tsohon zaren dambe. Abin da Muntaka mahauci ya ɗauko ke nan daga kasuwar Rogo, yana tura kekensa zuwa Yammedi bayan isha'i. Gemunsa ya yi fari, amma kullum hirarsa ɗaya ce: zamanin da yake bahagon da ba a kayarwa.

A tsohon fagen dambe na bakin gari ya tarar da wani saurayi ba riga, hannun hagu a naɗe. Yana taka busasshen kara, amma ba a jin ƙara.

"Baba, an ce da sauranka," in ji saurayin, ya miƙo dunƙulen hannu.

Ɗan dambe ba ya ƙin hannun da aka miƙo masa. Muntaka ya yar da keke ya sa zare.

Naushin farko ya fasa masa baki, na biyu ya karya masa haƙarƙari. Ya faɗi, a ƙa'ida wasa ya ƙare, amma saurayin ya ci gaba da jibgarsa yana dariya. Tocila ta gangara ta haska fuskar saurayin. Tabon gira, da wushirya, da dariyar, duk na Muntaka ne yana saurayi.

Da rarrafe ya kai gida. Matarsa Tasalla ta saka salati. Ya tura ƙyaure ya sa sakata, ya miƙa mata zaren.

"Jefa shi a murhu. Yaron nan da nake ta kewa, ashe mugu ne. Ba zan ƙara ambatonsa ba."