Akwati Goma Sha Biyu

A falon Hajiya Sailuba da ke garin Sterling a Amurka babu wurin taka ƙafa, akwatunan lefe goma sha biyu sun cinye ko'ina. Shekara guda tana tara wa ɗanta Misbahu: atamfa, leshi, gwal, duk daga Kano.

"Mami, bari in fara sanar da Selina," in ji shi, don amaryar ba Bahaushiya ba ce.

"Kai tafi can! Tasu al'adar kaɗai ce al'ada? Ba-zata za mu yi musu!"

Da yake Amurka ce, ango da kansa ya zama direba. Ya kwashi Gwaggo Tayyiba da ƙawayenta sai Manassas, inda Selina ke zaune da kakarta Constance, wadda ta raine ta tun tana ƙaramar marainiya.

Suka shiga da guɗa, suka bubbuɗe akwatuna. Tsohuwar ta dube su daga kan kekenta na marasa lafiya.

"Ku fitar min da su!"

Guɗa ta tsaya cak. Constance ta juya ga Misbahu.

"Danginmu a Kalifoniya suke tun ƙasar tana hannun Sifen, har ta koma Meziko. Kakar kakata tana da filin kiwo, yini guda doki ba ya zagaye shi. Da Amurka ta ƙwace ƙasar, wani baƙo ya zo neman 'yarta da akwatunan siliki, jere kamar haka. Aka ba shi. Shekara uku, fili ya koma sunansa, uwa da 'ya suka koma wankau a garin da aka haife su. Tun ranar ba a ba da 'yarmu ga mai zuwa da akwati."

Selina ta durƙusa tana kuka. "Kaka, wallahi ba haka yake ba!"

"Ita ma haka ta ce."

Aka mayar da lefe. A gidan Bahaushe babu cin fuskar da ya kai wannan. Hajiya ta rufe ɗaki ta yi kukan baƙin ciki, ta hana a ambaci sunan yarinyar.

Misbahu ya rame, amma bai janye ba. Duk Lahadi yana Manassas hannu rabbana, yana tura keken tsohuwa, ita ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Shekara huɗu cur! Sai da ciwo ya kwantar da ita ta kira shi.

"Wancan mai silikin bai taɓa jira ba. Ɗauke ta."

Ya je ya zube gaban uwarsa.

"Na yafe maka, ka aura," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Amma ƙafata ba za ta taka inda aka kori 'yan'uwana ba."

An ɗaura aure a masallaci, kwana tara bayan binne Constance. Haƙuri ya ba Misbahu matarsa, amma da an tambayi ciwon mutane kafin a kai musu alheri, da ba a kai ga haka ba. Yau 'yarsu ta fara tafiya a gidan Manassas, Hajiya a waya kawai ta san fuskarta, alhali tsakaninsu tafiyar minti talatin ce.